Feshin Waken Surukai

Ina tsakar gida ina shiƙar sabon gero da hantsi wayata ta yi ƙara a kan turmi. Surukata ce, uwar matar ɗana. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, ta sauka! Namiji! Lafiya ƙalau, ita da shi!" A bayan muryarta ina jiyo guɗa da hayaniyar mata.

Na ajiye faifan a ƙasa, kaji suka yi kansa, ban kore su ba. Na yi hamdala, na sake yi. Sai na ga ƙafata ta kai ni ƙofar ɗakin Malam, mijina, har na buɗe baki zan gaya masa. Tun bazara ya rasu. Na ɗan tsaya a wurin, na gyara labulen da bai karkace ba, sannan na leƙa ta kan katanga na kira maƙwabciyata.

Kafin in ɗaura zane mai kyau gidan ya cika. Wata ta rangaɗa guɗa a kunnena, wata ta ce yau tsohuwa ta yi sabon miji sai ta ba da goro, wata kuma ta riga ta fara tambaya ko an tanadi kanwa da kayan yaji. Aka aika gona aka kira uban jaririn. Shi ne ɗana na fari, ba na kiran sunansa, ban taɓa wasa da shi a gaban mutane ba, haka aka raine mu. Ya shigo da ƙasa har gwiwa, ya durƙusa nesa da ni yana ta ƙoƙarin ɓoye murmushi. Na ce, "Kai, ka wanke ƙafa ka fito da babur." Iyakar abin da na iya ce masa ke nan, alhali zuciyata kamar ta fito ta yi rawa. Jika kuwa ba a jin kunyarsa, shi ya sa nake ta sauri.

Yarinyar ta koma gidan iyayenta ne don haihuwar fari, ƙauyensu yana gaba da Tsanyawa kaɗan. Muka kama hanya ta cikin gonaki. An girbe gero, dawa ta yi tsayi, wake kuma ya shimfiɗu a ƙasa ko'ina, ya fara fure. Ganin furen nan ne ya mayar da ni bara war haka, lokacin da Malam ya yi abin da aka daɗe ana ba da labarinsa a ƙauyukanmu.

Malam yana cikin waɗanda suka fara sayen injin feshi na goyo a unguwarmu. Yakan haɗa magani da ruwa a bakin gona, ya goya injin, ya yi ta bin kunya-kunya. Idan bakin injin ya toshe sai ya cire ya busa da bakinsa. Ya dawo gida bayan rigarsa sharkaf, ni kuma in miƙa masa ƙwaryar nono, don kowa ya yarda nono yana wanke dafin daga ciki. Duk lokacin da nake da ciki ba ya bari in wanke rigar nan, da kansa yake wankewa. Haka duk mai hankali yake yi, a tsare mai ciki. Ba wanda ya taɓa tunanin akwai abin tsarewa tun kafin cikin ya samu, balle a jikin namiji.

A wajenmu saurayin da aka ba wa mata yakan yi wa baban yarinya aiki a gona. A da gayya ce, ya tara abokansa da fartanya. Yanzu abin ya koma feshi. Wake ba ya yi sai an fesa shi daga fure har ya yi ƙwaya, in ba haka ba tsutsa ta cinye. To, saurayi shi zai ɗauki nauyin feshin waken surukai har kaka, bayan kaka a ɗaura aure. Da haka ake gane yaro mai himma. Ɗana an sa masa rana, injin ubansa ya dawo hannunsa, yana fesa gonarmu, yana shirin fara ta surukai.

Ƙanwarsa tana karatu a jami'a a Kano, ta zo hutu. Muna zaune ni da ita muna ɓarar gyaɗa sai ya shigo daga feshi, rigarsa a jiƙe, ya karɓi nono ya shanye a tsaye. Ta bi shi da kallo har ya fita.

Ta ce, "Inna, yaushe aka ce bikin Yaya?"

Na ce, "Bayan kaka mana. Ko boko ya cinye miki kai?"

Ta matso kusa ta rage murya. Ta ce kowane mutum yana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado da ya samu daga uwa da uba, su ne suke sa ɗa ya ɗauko hancin ubansa ko tsawon uwarsa. Ta ce ba duka suke aiki lokaci ɗaya ba, wasu a kunne suke, wasu a kashe, kamar fitilun gida mai ɗakuna da yawa. Abin da ya shiga jikin uba ko uwa kafin a samu ciki, irin maganin ƙwari, yana iya taɓa wannan kunnawa da kashewa ba tare da ya canza ƙwayar kanta ba, ɗan kuma ya zo duniya da su a haka. Ta ce irin da namiji yake haihuwa da shi kullum sabo jiki yake yi, yana ɗaukar kusan wata uku kafin ya nuna, don haka watannin da ke gaban aure ba na wasa ba ne.

Na ce, "Ke! Wace irin magana ce wannan a bakin budurwa?"

Ta ce, "Inna, karatu ne, har jarrabawa na rubuta a kai." Ta ƙara da cewa an fi ganin abin a jikin dabbobin da ake gwaji da su, a jikin mutane kuwa ana kan bincike, ba a gama sani ba. Ta maimaita wannan, don kada in ce ta ce abin da ba ta ce ba.

Na ce to ta gaya wa babanta. Ta zaro ido. "Ni? Inna, da wane bakin?"

Ni na gaya masa, bayan la'asar yana shan fura a ƙarƙashin darbejiya. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in isa wurin. Ina tsammanin zai ce shirmen 'yan boko ne. Sai na ga ya ajiye ludayi. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya miƙe tsaye, ya nuna mini zangarniyar geron da ya ware ya rataye a rumfa.

Ya ce, "Kin ga wannan? Tun a gona nake zaɓarsa. Ba na bari ruwa ya taɓa shi, ba na bari ya kwana a ƙasa, saboda shukar baɗi. Ashe irin gero muke tsarewa mun bar na mutum! Ikon Allah! Kira mini yarinyar nan."

Ta zo ta tsaya a bayan zana, shi yana wannan gefe, ba mai kallon wani. Ya yi ta jero tambayoyi a sakaye, tana amsawa a sakaye, ni ina tsakiya ina fassara wa kowa abin da ya riga ya gane. Idonsa yana ƙyalli kamar yaron da aka saya wa keke.

Ta ce, "Baba, ni fa ba cewa na yi a daina ba. Ya sa takunkumi da safar hannu da dogon takalmi, ya daina busa bakin injin, ya yi wanka da sabulu in ya gama. Nono kuma ba ya wanke komai."

Ya ce, "Nonon ma?"

Ta ce, "Nonon ma, Baba."

Ya juyo ya kalle ni kamar ni na ƙirƙiro shan nonon. Can ya ce a hankali, "Ita wannan mai ba mu labarin, ai ina cikin feshi aka same ta." Na ce, "To ga ta nan, ta fi kowa baki." Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Maganar takunkumi kuwa bai karɓa ba. Ya ce, "A wannan ranar? Yaron nan zai sa shi a ƙofar gida ya cire a bakin gona. Na san abin da na haifa." Da magariba ya kira shi ya ce daga yau kada ya ƙara taɓa injin sai bayan aure.

Yaron ya ce, "Baba, gonar surukai fa? Na ce musu ina zuwa."

"Ni zan je."

"Baba, don Allah. Dariya za a yi mini har ƙarshen rayuwata."

"A yi. Kai ka ɗauki fartanya ka bi gyaɗarsu, ai ita ma aiki ce."

Sai wanda ya san mu zai gane girman abin. Uba ba ya nuna kulawa da ɗan fari a fili. Suruki kuma ba ya zuwa gonar surukinsa da kayan aiki kamar ɗan ƙwadago. Malam ya haɗa duka biyun a safiya ɗaya. Ya sa takunkumi da safar hannu, ya aro dogon takalmin roba da ya yi masa yawa, ya ɗaure injin a bayan babur ya tafi. Na tsaya a zaure ina kallonsa, dariya tana cina, kunya tana cina.

Da ya dawo ya ba ni labari, yana yi yana kwaikwayon murya. Ya ce baban yarinyar ya tarar da mutum a rufe ruf a cikin wakensa, ya ɗaga murya ya ce, "Kai wane ne?" Malam ya sauke takunkumi. Mutumin ya kusa zama a ƙasa.

"Subhanallahi! Malam, me zan gani haka? Ina yaron?"

"Ga shi can a gyaɗarka, Alhaji."

"Sauke, don girman Allah sauke! So kake a ce na sa ka ƙwadago?"

"Ba kai ka sa ni ba. Jikanmu ne ya sa ni."

"Wane jika kuma? Ko ɗaurin aure ba a yi ba!"

Malam ya ce a nan bakinsa ya ƙare, don bai san yadda zai yi wa suruki bayanin sauran ba. Ya mayar da takunkuminsa ya ci gaba da feshi, Alhaji yana binsa a baya yana roƙo, shi yana ce masa ya matsa daga bakin iska.

Kafin ranar kasuwa magana ta zagaya. Wasu suka ce yaron rago ne. Wasu suka ce yana da ciwon ƙirji ana ɓoyewa. Wata ta ce ai ko ba a faɗa ba, wanda ubansa yake yi wa aikin surukai akwai abin da ya rasa. Har muka ji dangin yarinyar sun fara cewa a jinkirta a bincika. Ɗana ya daina fita dandali, abinci ma sai ya tsakura ya bari. Na ga abin da ake son tsarewa yana neman rushewa tun daga tushe, don in babu auren ina jikan?

Na yafa mayafi na tafi wajen uwar yarinyar. Muka shige ɗaki muka saki labule, na gaya mata komai ɓaro-ɓaro, irin maganar da mata kaɗai suke iya yi wa juna. Ta yi dariya har da hawaye, tana cewa, "Wayyo Malam! Shi ne ya kasa faɗa ya bar mu muna ta zargi?" Tana cikin dariyar sai ta tsaya cak. Ta tashi ta ja ni ɗakin da yarinyar take kwana. A bayan kayan ɗakin da ake tara mata, ga kwalaben maganin feshi a jere, an ɓoye su a nan don kada yara su taɓa. A ranar muka kwashe su muka kai rumbun da ke bayan gida, muka wanke ɗakin, muka buɗe taga. Ita ta yi wa mijinta bayani, ban san da wane baki ba. Maganar jinkiri dai ta mutu.

Malam ya fesa gonaki biyu har kaka. Yakan dawo bayansa ya riƙe, in gasa masa da ruwan zafi yana nishi, amma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na lokacin ba. A kasuwar Tsanyawa duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin fitilun da ke kunne da na kashe. Abokansa suka sa masa suna angon wake. In sun hango shi sai su ce, "Ango, yaushe za a kawo amarya?" Ya ce, "Ku dai ku hana 'ya'yanku busa bakin inji, sakarkaru." Ya fi su jin daɗin sunan.

Aka yi biki bayan kaka. Da sanyi ya wuce na lura yarinyar ta daina son ƙanshin daddawa, na gane. Na gaya wa Malam. Ya fita, ya dawo, ya sake fita, ya dawo ya tambaye ni ko na tabbata. Washegari ya fara tara itacen wankan jego a bayan ɗakinsa. Na ce, "Malam, da sauran watanni fa, gara za ta cinye." Ya ce in bar shi.

Bai ga damina ba. Ya faɗi a hanyar masallaci da azahar, aka kai shi asibiti, bai kwana biyu ba. Likita ya ce hawan jini ne. Wasu suna cewa maganin ne ya ci shi, kuma na san ɗana yana jin wannan maganar a ransa ko da bai faɗa ba. Ni ban sani ba, ba kuma zan faɗi abin da ban sani ba. Ya yi shekaru yana feshi ba takunkumi, ya yi damina ɗaya da shi. Kwanansa ne ya ƙare. Allah ya jiƙansa. Na yi takaba, ciyawar bana kuma da fartanya aka nome ta, injin yana rataye ba wanda ya taɓa.

Muna isa gidan surukai mata suka tare ni da guɗa. Na shiga ɗakin, mai jego tana kwance ta rufe fuska don kunya, na yi mata sannu. Surukata ta miƙo mini shi a cikin zane. Ja ne, da gashi kwance, yana ta motsa baki. Na buɗe zanen na duba hannu, na duba ƙafa, na duba bayan kunne. Ya buɗe baki ya tsala kuka mai ƙarfi. Na ce, "Ah, haka za ka karɓe ni? Ko kuɗin cefane ba ka ba ni ba ka fara faɗa?" Ɗakin ya ɗauki dariya. Wata tsohuwa ta ce goshin na Malam ne sak. Na ce ban gani ba tukuna. Na gani.

Na kira 'yata, ƙanwar uban jaririn, a waya na kara mata kukan. Ta yi ta ihu tana cewa gobe tana hanya. Na ce mata na duba shi ko'ina, lafiya ƙalau, aikin babanta ya yi.

Ta ce, "Inna, Alhamdulillahi. Amma ba abu ne da ake gani da ido ba. Wataƙila ya yi amfani, wataƙila da ma lafiya zai zo. Ba mai iya cewa." Sannan ta ce, "Kuma fa ba ɗan fari kaɗai ba ne. Duk wanda zai biyo baya haka ne."

Wannan bai zo mini a rai ba, kuma ina jin Malam ma bai kai nan a lissafinsa ba. Shi damina ɗaya ya hango.

Da la'asar za mu tafi, Alhaji ya fito zaure muka gaisa, muka yi wa juna barka, ya yi wa Malam addu'a har muryarsa ta canza. An riga an aika a kwaso itacen nan da Malam ya tara da amalanke. Ɗana yana durƙushe a gefe. Alhaji ya ce ba ya son kawo maganar gona a ranar farin ciki, amma wake ya yi fure, ya ga tsutsa ta fara, a tasu gonar da tamu.

Ɗana ya ce, "Zan yi, Baba. Ai yanzu an haihu."

Na gaya musu abin da ƙanwarsa ta ce, a taƙaice, ina kallon ƙasa.

Ɗana ya ce, "Inna, to sai in bar noma? Zan sa takunkumin, wallahi zan sa."

Alhaji ya ce, "A'a, ni zan goya. Malam ya yi nasa, ai ni ma kakan ne." Daga bayan ƙofa surukata ta ce, "Da wane bayan? Kai da buta ma sai an miƙo maka?" Ya ce to a ɗauko yaran da suke feshi a biya su. Na ce su ma 'ya'yan wasu ne, yawancinsu kuma bayan kaka za su yi aure. Daga cikin gida jaririn ya sake fasa kuka, duk muka juya muna murmushi, Alhaji ya ce wannan murya ta ladan ce.

Muka hau babur muka biyo ta cikin gonakin, ina riƙe da goron barka a gefen mayafi, ina ta tsara abin da za a dafa ranar suna. Waken ba zai jira suna ba, kuma har yanzu ba mu tsayar da wanda zai yi feshin ba.